Yini guda a Kardamili da motar gida: baƙo ma yana da nauyi a kansa

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi bayani kan wani salon yawon buɗe ido da ya zama ruwan dare a Turai, wanda 'yan uwanmu mazauna nan suka fara sha'awa, wato hayar motar gida, mai gado da murhu da banɗaki a cikinta, mutum ya ɗauki iyalinsa ya zaga ƙasa. Ni da iyalina mun gwada a hutun bazarar da ta wuce, kuma yini guda da muka yi a Kardamili, wani ƙauyen bakin teku a Girka, ya sa na ga cewa sauƙin da motar take ba matafiyi, sau da yawa mutanen ƙauye ne suke biyan kuɗinsa.

Daga Ankona ta Italiya muka shiga jirgin ruwa da motar har Fatras ta Girka, muka gangara kudu zuwa Kalamata, garin da zaitun ɗinsa ya yi suna a duniya. Kardamili tana da nisan kilomita 35 ko makamancin haka daga can, tana zaune tsakanin teku da tsaunukan Taigetos waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 2,400. Hanyar ta cika kwana-kwana, kuma titin da ya ratsa ƙauyen ƙunci gare shi, har sai da na naɗe madubin gefe kafin wata motar kaya ta wuce ni. Doka a Girka ta hana yada zango a bakin teku da cikin daji da wuraren tarihi, saboda haka muka kai motar sansanin da aka keɓe a Situfa, ƙauyen da ke gaba kaɗan, muka biya kuɗin kwana, aka ba mu ruwa da lantarki da wurin zubar da ruwan datti.

Da safe muka hau zuwa tsohon garin Kardamili, inda dogayen gidajen dutse suke tsaye kamar hasumiya, tagoginsu ƙanana ƙwarai, domin an gina su ne a zamanin da dangi ke gaba da dangi a Mani, yankin da ƙauyen yake ciki. Daga wannan yanki mayaƙa suka tashi suka ƙwace Kalamata ranar 23 ga Maris 1821 daga hannun Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi, ba ta Sakkwato ba. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne shagon gahawa da ke bakin titi, inda dattawa suke zaune kowa da wani abu kamar carbi a hannu. Maiɗakina ta ɗauka tasbihi suke yi, sai daga baya muka fahimci cewa sunansa kombolai, kuma jan sa kawai suke yi don hira ta yi daɗi. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa ƙaramin ɗana ɓaure guda biyu daga aljihunsa, bai ce komai ba, ya koma kan hirarsa.

Da ƙarfe uku na rana ƙauyen ya yi tsit, domin a watannin zafi doka ta ware daga uku zuwa biyar da rabi a matsayin lokacin hutawa, kuma mutane suna kiyaye shi da gaske. A daidai wannan lokaci ne na ga wata motar gida irin tamu ta fake a gindin itatuwan zaitun kusa da gaɓa, an kunna kiɗa, an baje kujeru, kuma kafin su tashi direban ya buɗe famfon tankinsa ya saki ruwan wanke-wanke a gonar mutane. Abincinsu daga babban kanti na birni suka taho da shi, ko burodi ba su saya a ƙauyen ba.

Ba na wanke kaina gaba ɗaya, domin mu ma mun cika firji tun daga Kalamata, musamman da yake samun naman halal a irin waɗannan ƙauyuka yana da wuya. Sai dai kifi ba shi da wannan matsala, haka nan tumatur da cuku da zuma da man zaitun, kuma duk ana sayar da su a nan. Ranar muka bar murhunmu a kashe, muka ci gasasshen kifi a wani ƙaramin gidan abinci da ke kallon ruwa, muka sayi gwangwanin man zaitun mai lita biyar daga hannun wanda ya tatse shi.

Shawarata ga duk ɗan uwan da zai yi irin wannan tafiya ita ce ya tanadi kuɗin sansani a cikin lissafinsa tun daga gida, ya bar motar a can ya shiga ƙauye da ƙafa ko da bas, ya kuma ware abin da zai kashe a hannun masu garin. Gwangwanin man nan har yanzu da saura, da shi ake soya mana ƙosai ranar Asabar.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karanta ku a kullum,
daga Ankona, Italiya