Amsa ga ɗana mai gonar gado: kafin ku sayar da fuloti na farko

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron ƙungiyar ci gaban garinmu, ka miƙe gaban hakimi da masu unguwanni ka jefo mini tambaya. Ka ce: "Baba, gonar nan eka biyar ce, mahaifinmu ya gada wurin nasa mahaifin, yanzu gari ya cim mata. Dillali ya ce fuloti 43 za ta fitar. Kai kuma ka ce mu bar hanya da magudana da fili, mu tashi da 30. Wa zai biya mu sha ukun nan? Kuma wannan tsarin gari da kuke ta kira, ba shi ne dabarar da manya ke karɓe gonakin talakawa da ita ba?" Kafin in buɗe baki aka kira la'asar, taro ya watse. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, kuma na ga kawunan da suka gyaɗa maka, a bainar jama'a zan amsa.

Mu fara da lissafin, don a nan ne zuciyarka take. Fuloti irin wanda muka saba, ƙafa 50 da ƙafa 100, murabba'in mita 465 ne. Eka biyar ta ɗan haura murabba'in mita 20,000. In ka raba, 43 za ka samu, dillali bai yi maka ƙarya a rabon ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne, wannan adadin na gonar da ba a bar ko taku ɗaya na wucewa ba ne. Shi ma ya san dole ya bar ɗan lungu, saboda haka a awon igiyarsa 38 ko 39 za ku tashi da su. Tazarar da ke tsakanina da shi fuloti takwas ne ko tara. Ba ƙaramin abu ba ne, na sani, ga marayu a cikinku, ga ƙannenka mata da ke jiran rabonsu. Kuma amsar "wa zai biya mu" ita ce babu wanda zai ƙirgo kuɗi ya ba ku. Ba zan rufe ka da baibai ba.

Amma ka zagaya ka tambayi masu saye. Fulotin da mota ke isa ƙofarsa, tifa ta sauke yashi a gabansa, da wanda sai an yi dakon bulo a ka daga bakin titi, kuɗinsu ɗaya? Kai kanka da za ka saya, wanne za ka zaɓa? A awon igiya layin gaba ne ke yin daraja, na ciki sai a yi ta roƙon mai saye. In aka bar hanya sosai, kusan kowane fuloti na bakin hanya ne. Shekarun da na yi ina riƙe da na'urar awo, ban yarda na yanka layin unguwa ƙasa da mita 9 ba, kuma ban ga mai gonar da ya dawo yana cizon yatsa don ya bar hanya ba.

Waɗanda na ga suna kuka su ne waɗanda suka saya a inda ba a bari ba. Ƙanwata na zaune a irin wannan unguwa. Daren da naƙuda ta kama surukarta, mota ta tsaya can nesa, a tabarma aka ɗauko yarinyar, mutum huɗu, cikin ruwan sama, ana haska musu da fitilar waya. Allah ya sa ta sauka lafiya. A wannan lungun dai, in an yi rasuwa, sai an karkata makara kafin ta sha kwana. Wanda ya yanka gonar ya daɗe da cinye kuɗinsa, mutanen da ya sayar wa su ke biyan bashin lungun kullum. Ku kuma fa a gonar nan za ku zauna, kai da 'yan'uwanka kowa zai ware nasa. Hanyar da ka hana, kanka ka hana.

Maganar hanya ba Turawa suka kawo mana ita ba. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta kamu bakwai na zira'i. Wannan a zamanin da raƙumi da kayansa ne mafi girman abin da zai wuce. Yau motar kashe gobara ce da tankar ruwa. Ka duba tsohon gari ma da idon basira. Maƙera na da unguwarsu saboda wuta da ƙara. Majema da marina suna gefe, inda wari da ruwan baba ba za su dami mutane ba. Zango na bakin gari, maƙabarta da filin idi an ware su, burtali ya bi ta bayan gonaki ba wanda ke taɓa shi. Kakanninmu ba su da taswira a takarda, amma sun san wane aiki ya dace da wane wuri, kuma mai gari na da bakin da zai hana. Garin Gombe kansa zaɓen wuri aka yi: daga Gombe Abba ta Buba Yero hedikwata ta koma Nafada a 1913, sannan ta dawo Doma, inda garin yake a yau, a 1919. Abin da ya sauya shi ne saurin. Tun da aka ƙirƙiri jiharmu ta Gombe a ranar 1 ga Oktoba 1996, gini ya riga tsari gudu. Dubi Kashere, daga kafa jami'ar tarayya a 2011 zuwa yau, yadda gonaki suka koma ɗakunan hayar ɗalibai. Garinmu ma layin da yake kai ke nan.

Abin da ya fi hanya tsorata ni shi ne ruwa. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta da riƙo. Gonarku a yanzu shanye ruwan sama take yi. Ranar da kwano da siminti suka rufe ta, duk ruwan nan a saman ƙasa zai bi, kuma zai bi gangaren da ya saba bi tun kafin a haifi kakanka. In bai tarar da magudana ba, lungu zai mayar magudana. Shekara ta farko 'yar kwata ce yaro ke tsallakewa, bayan damina kaɗan ta zama kwari mai cin katanga. Duk wanda ya san Gombe ya san kwarurrukan da suka tsaga unguwanninta, har sai da gwamnati ta nemi hannun Bankin Duniya ana zuba maƙudan kuɗi ana ɗaure bakinsu da kankare. Babban birnin jiha ke nan. Ƙaramin gari irin namu, wa zai kawo masa wannan agajin da wuri?

Zan gaya maka abin da har yau yake ci mini rai. Ina sabon ma'aikaci, wani dillali ya ɗauke ni ranar hutu na auna masa filaye a bakin wani tsohon kududdufi da aka cike da shara da ƙasa. Na ga alamar ruwa a jikin itatuwa, na yi shiru, na kafa turaku na karɓi ladata. Bayan 'yan shekaru aka yi ruwan kwana, gidaje huɗu suka zauna. Ba a rasa rai ba, amma akwai dattijon da ya sayar da shanunsa ya yi ginin nan, bai sake mallakar gida ba har ya koma ga Allah. Kududdufin nan ma'ajiyar ruwan unguwa ce, da aka toshe ta ruwan ya shiga ɗakuna. Shi ya sa da na ga kwarin da ke kusurwar gabas ta gonarku na ce kada a sayar da shi ko nawa aka taya.

Akwai kuma abin da ba a gani. In aka matse filaye, aka riƙa raba fuloti ɗaya gida biyu ko uku, shaddar wani za ta jingina da rijiyar maƙwabcinsa. Masana lafiya na cewa a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Amai da gudawa da ke zagayo mana da damina, sau da yawa daga nan take farawa.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, kuma a nan ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Tsoronka na da tushe. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Filin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke ba da izinin mallakarsa. Wanda ba a ayyana ba, ƙaramar hukuma ke ba da izini irin na gargajiya. Dokar ta ba gwamna ikon soke mallaka saboda buƙatar jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini da sauran wahalar da aka zuba, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da aka karɓi gonarsa aka biya shi kuɗin gero da 'yan bishiyoyi, sannan ya ga an yanka ta an raba wa masu hali, ba za ka hana shi zargi ba. Ni a ganina wannan gefen dokar bai yi wa manomi adalci ba, kuma da wuya a gyara shi, don an saƙala dokar cikin tsarin mulkin 1999. Na kuma ga filin da aka ware wa makaranta a taswira ya wayi gari da katangar wani. Duk wannan na faruwa.

Sai dai awon igiya ba ya kare ka daga wannan, ƙara buɗe maka baya yake yi. Takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfaninta, amma ba ita ce izinin mallaka ba. Ranar da aka zo fitar da titi ko magudana ta tsakiyar unguwar da ba a tsara ba, rusau ake yi, kuma mai ginin da ba shi da izini shi ke da raunin baki wajen neman diyya. Wanda ya kai taswirar gonarsa aka amince da ita, aka shigar da ita rajista, shi ne ke da wuyar turewa. A jihar nan yanzu akwai GOGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Ku fara da ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma ku tambaya a rubuce ko gonarku ta faɗa cikin yankin da aka ayyana birni, don amsar ita za ta nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Kowace naira da kuka biya ku karɓi rasit.

Kuma kada ku tafi ku kaɗai. Gonaki huɗu ne a jere daga taku zuwa bakin rafi. In kowa ya yanka tasa da ransa, layinku zai je ya ci karo da bangon wani. In kuka zauna ku huɗu kuka yi taswira ɗaya, hanya za ta zarce, nauyin filin masallaci da makaranta da wurin zuba shara ya rabu a kanku gwargwadon girman gonar kowa, kason da kai za ka bari ma ya ragu. Filayen jama'ar nan a kafa musu turakun siminti tun ranar farko, a rubuta su da sunan al'umma, a ajiye kwafi wurin hakimi da limami da ƙungiya, a dasa itatuwa a iyakarsu. Filin da kowa ya san na makaranta ne ya fi wuyar sacewa.

Kan wane aiki za a yi a ina, ba na goyon bayan masu son a kwafo tsarin unguwar ma'aikata a ɗora wa ƙaramin gari. Shago a ƙofar gida, tela a zaure, matar da ke ƙuli-ƙuli ko saƙa a cikin gida, su ne abincin mutanenmu, duk tsarin da ya hana su ba zai yi kwana ba. Abin da za a nisanta da ɗakunan kwana shi ne mai haɗari da mai hana barci: gidan mai, wurin ɗura gas, babban injin niƙa, gidan bulo, mayanka. A ba su bakin babban titi. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki kada a sayar wa kowa. Burtalin da ya bi ta arewacinku kuma a bar shi da faɗinsa, don shanu ba za su daina bi ba, rigima kawai za a gadar wa 'ya'ya.

Mahaifinka abokina ne, tare muka yi makarantar allo, kuma na san yadda ya riƙe gonar nan a shekarun fari bai sayar ba. Ba zan so sunan gidanku ya zauna a kan unguwar da ake tsine wa wanda ya yanka ta ba. Tun ran gini ran zane. Ga abin da nake roƙonka: ka dakatar da dillalin, kada ku karɓi kafin alƙalami daga kowa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na gaba, da an ɗauke, ka kira ni. Ka zo da 'yan'uwanka maza da mata, da maƙwabtan gona ukun, da mai unguwa. Za mu taka gonar ƙafa da ƙafa tun ƙasa na jiƙe, mu ga inda ruwa ya bi mu kafa turaku a nan, sannan mu ja layin farko. Zan zo da tef da takarda, kuma ba zan karɓi ko sisi ba.

Ka gaida mahaifiyarka da kyau.

Wassalam,
Babanka, tsohon ma'aikacin safiyo.