Koke ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan sassaucin haraji ga man jirgin sama

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu talakawanka, malaman kimiyya da ma'aikatan harkar mai a Damagaram, muna gaisuwa, muna kuma kawo kukanmu.

Ɗan kabu-kabu da manomin da ke ban ruwa da inji suna biyan haraji a cikin kuɗin kowace litar da suka saya. Jirgin da ke ƙetare ƙasashe kuwa, galibi ba ya biyan ko dala a kan mansa. Tushen abin shi ne Yarjejeniyar Shikago ta 1944 kan zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasashe. Sashe na 24 ya hana a karɓi kuɗin duwan kan man da jirgi ya sauka da shi a tankinsa, iyakarsa ke nan. Yarjejeniyoyin da ƙasashe suka ƙulla bibbiyu daga baya su ne suka yafe har da man da ake zuba masa a fili. Jiragen cikin gida ba su cikin wannan, shi ya sa Japan da Norwe suke karɓar haraji a kan nasu.

Ga lissafin. Litar man jirgi (Jet A-1) ɗaya, in ta ƙone, tana fitar da kimanin kilo 2.5 na iskar kabon mai ɗumama duniya da sauya yanayi. Tanka mai lita 30,000 ke nan tan 75, abin da 'yan Nijar wajen 700 ke fitarwa a shekara guda. Amma mu ne muka ga masallacin Birni mai tarihi ya rushe a daminar 2024, da gidajen ƙasa da dama. Abin yana ci mana rai.

Ba mu ce Nijar ta ɗora haraji kan man ita kaɗai ba. In ta yi haka, jirage za su cika tanki a maƙwabta, su yi nauyi, su ƙara ƙona mai. Hanya mafi sauƙi ita ce kuɗin da ake ɗorawa kan tikiti, irin wanda Faransa ta soma a 2006.

Muna roƙon Mai Martaba ya isar wa Gwamna da ma'aikatar kuɗi cewa a bayyana yawan harajin da ake yafewa kowace shekara, a ɗora irin wannan kuɗi kan tikiti, a ƙara shi ga kujerun alfarma da jiragen masu hannu da shuni, a tsame alhazai, marasa lafiya da jiragen agaji. Abin da aka tara a ware wa Damagaram kasonta, don gyaran magudanan ruwan Birni da Zango kafin damina ta faɗi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.