Amsa ga malamin da ya tambayi inda na samo sunan Anna Case

Malam, bayan gaisuwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko da wace hujja na ce matar da ke tsaye a gefen garmaho a tsohon tallan kamfanin Edison da na wallafa mawaƙiyar Amurka Anna Case ce, alhali a ganinka mawaƙiya Geraldine Farrar ce, sannan ka ƙara da cewa da ka nake yi wa hotuna suna. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta yi mini ciwo, domin na daɗe ina tattara waɗannan takardu, kuma waɗanda suka san aikina shaida ne cewa ban taɓa liƙa wa fuska suna ba sai na gwada ta da wata.

Gaskiya ne ƙasan shafin, inda aka saba buga sunan mawaƙi, ya yage kafin ya zo hannuna. Amma na'urar da matar ta dafa Diamond Disc ce, wadda Edison ya fitar a 1912, kuma tsayuwar mawaƙiya kusa da ita salon tallan gwajin murya ne da kamfanin ya fara a 1915, inda mawaƙiya za ta rera tare da faifanta a gaban jama'a, ta yi shiru faifan ya ci gaba, a ga ko masu sauraro za su bambance. Farrar kuwa faya-fayanta na Amurka duk na kamfanin Victor ne, kishiyar Edison, kamar yadda mawaƙin Italiya Enrico Caruso ya kasance nasu tun 1904. Edison ba zai biya kuɗin shafi ya tallata mawaƙiyar abokin hamayyarsa ba. Da na cire ta, sai na jera shafin da wasu tallace-tallacen Edison masu ɗauke da sunayen Christine Miller da Marie Rappold da Anna Case, na bi su da gilashin ƙara girma a bakin taga, ina duba faɗin goshi da yankan haɓa da yadda gashi ya kwanta bisa kunne. Da Case kaɗai suka dace.

Batun cewa kalmar garmaho ba ta dace da na'urar Edison ba, na ji, amma da ita Bahaushe ya san abin.

Kana da lambar wayata, Malam, kuma da neman sani ne ya kawo ka da ka kira ni kafin ka tara mini mutane. Abin da ya fi damuna shi ne kullum ana yaɗa hotunan tsofaffin makaɗanmu a Facebook da sunayen da ba nasu ba, ban taɓa jin ka tambayi kowa hujja ba. Shafin yana nan a wurina, da gilashin, duk ranar da ka ga damar zuwa.

Wassalam.