Kogin Logon ya sauya hali, mu kuma muna nan da dokar 1978

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina rubuto muku daga Kusseri a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, inda Logon ke zuba cikin Shari, muna hango Njamena a tsallake. Sana'ata banda, gado na yi wajen mahaifina. Na saurari shirinku kan sauyin yanayi, inda baƙinku suka ja hankali a kan dashen itatuwa da daina zuba shara a magudanan ruwa. Gaskiya suka faɗa. Sai dai ciwon da ke damunmu a bakin kogin nan ya wuce wurin, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan Oktoban 2022 kwana uku muka yi muna cika buhuna da yashi, yaro da babba, muna jerawa a bayan unguwa. Daren na huɗu, wajen ƙarfe biyu, maƙwabcina ya bugi ƙofa da ƙarfi: "Alhaji, fito da Inna! Ruwa ya karya ta bayan masallaci." Kafin in ɗaura wando ya kai gwiwa a tsakar gida. A kan ƙyauren ɗaki muka ɗora tsohuwa, mu huɗu, har inda kwale-kwale yake, tana riƙe da carbinta da ledar magungunanta. Kwali goma sha huɗu na banda da na tara don kaiwa kudu suka jiƙe, bayan kwana biyu warinsu ya hana a tsaya kusa. Mun yi makonni a ajin makaranta, yara kuma babu karatu. Aka kawo mana shinkafa da tabarma da gidan sauro da bokiti, muka yi godiya, har yanzu ma muna yi. A tsallake, gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar a cikin watan.

Shekara biyu bayan haka ruwan ya dawo, ya ma fi na baya. A 2024 mutum 576 suka rasu a Chadi, kusan miliyan 1.9 abin ya shafa, a garin Yagwa na nan Kamaru kuma gada ta karye ta raba gari biyu. Abin da aka kawo mana? Shinkafa da tabarma da gidan sauro da bokiti. A nan ne na gane cewa dukkan tsarin da muke da shi na ihu bayan hari ne. An gina shi a zamanin da babbar ambaliya ke zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum, ga shi yanzu yaron da bai shiga aji uku ba ya ga biyu.

Rashin ruwan ma kashe mu yake yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. A watan Agustan 2021, sannan a Disamba, masunta da manoma 'yan Musgum suka gwabza da makiyaya Larabawan Shuwa a yankin Logon-Birni. Da damina ta yi ƙaranci, masunta suka haƙa manyan ramuka don su riƙe ruwa da kifi, shanu kuma suka zo sha suna zamewa ciki suna karyewa. Rikicin Disamba kaɗai, a ƙididdigar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ci rai 44, aka ƙone ƙauyuka 112, kusan mutum 100,000 suka bar gidajensu. Wutar ta iso cikin Kusseri, kasuwar shanu ta tashi. Da idona na ga mata suna rububin kwale-kwale da jarirai a goye za su tsallaka Chadi. A hannun 'yan Musgum nake sayen kifi, matar Bashuwa ce ke kawo wa gidana nono shekara da shekaru. Masu cewa tsohuwar gaba ce ta ƙabilanci sun taɓa gefen gaskiya kawai. Ruwa ne ya ragu, kuma babu wani zama da aka yi tun kafin rani a ce ga mashayar shanu, ga wurin ramin kifi, ga burtali, kowa ya sa hannu.

Ku duba dokokin da muke tafiya a kai. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ce, wadda ta sa duk filin da ba shi da takarda a ƙarƙashin kulawar gwamnati, alhali fadamar da makiyayi da masunci ke rayuwa a kanta ba mai takardarta. Dokar sasanta rikicin noma da kiwo ta 1978 ce, ko a sunanta babu masunci. Da shanu suka cinye wa ƙanena gonar masakwa, sai da ya biya kuɗin man motar masu zuwa duba ɓarnar, abin da ya kashe ya kusa kai abin da ya rasa. Wanda ya ga haka, gobe ba zai kai ƙara ba, adda zai wasa. A Chadi majalisa ta amince da sabuwar dokar kiwo a 2014, aka janye ta ba ta fara aiki ba, aka zauna da ta 1959 wadda Turawan mulkin mallaka ba su ma gama tafiya ba aka rubuta ta.

Wasu dattawanmu kan ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Kuma ba duk abin da ya samu fadamar nan ne ya sauko daga sama ba. A 1979 aka gina madatsar Maga da bango a gefen Logon don noman shinkafa, ya haɗu da farin waɗancan shekarun, ruwan da ke malala a fadamar Waza-Logon ya ja baya, ciyawa da kifi suka bi shi. A 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo. Mutane ne suka zauna suka toshe, mutane ne suka zauna suka buɗe.

Don haka abin da nake roƙo shi ne a sauya wanda ke yanke shawara a kan ruwa da ƙasa. Kowace ƙaramar hukuma ta bakin kogi ta samu majalisar ruwa mai ikon doka, masunci da makiyayi da manomi su zaɓi wakilansu da kansu, lawanai da bulamai na ciki, a zauna tun watan Yuni kafin ruwa ya taso. Kada a manta da mata, don su ke tsaye a kan murhun banda cikin hayaƙi, su ke sayar da nono, su ne kuma farkon kwana a ajin makaranta. Akwai 'yar Mbororon Chadi, Hindu Umaru Ibrahim, da ta tara makiyaya da manoma, maza da mata, suka zana taswirar ƙasarsu da hannunsu, kowa ya nuna rijiya da burtali da gona. Me zai hana a yi irin wannan a Logon-Birni da Zina da Makari, a buga masa hatimin hukuma?

Majalisa babu kuɗi taron hira ce. Dokar ba wa yankuna iko ta Disamban 2019 ta ce kason ƙananan hukumomi da yankuna kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. A liƙa a ƙofar kowane magajin gari nawa ya iso, nawa aka sa a bangon kare ambaliya. Haka ma kuɗin waje. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A 2022 a Masar aka amince da asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, a 2023 a Dubai aka yi alkawarin kimanin dala miliyan 700 ga duk ƙasashen da abin ya shafa. Wannan diyya ce, haƙƙinmu ne, kuma ta yi kaɗan ƙwarai. Amma in ta zo ta maƙale a tarurrukan otal a manyan birane, kwalin bandana bai dawo ba.

Sai maganar iyaka. Logon bai san Kamaru da Chadi ba. In gefe ɗaya ya ɗaga bangonsa shi kaɗai, ruwa ɗaya gefen zai nema. Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 take, hedikwatarta na nan Njamena, tsallaka gadar Ngeli kawai. Ruwan da ya wuce garuruwan Mundu da Bongor na Chadi yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso mana. Ya kamata awon kogin ya riƙa shigowa wayar kowane bulama da gidajen rediyo kullum, da Hausa da Larabcin Shuwa da Fulatanci da Musgum da Kotoko, kamar yadda farashin kifi ke iso mini daga Bulangwa kafin in karya kumallo.

Mu ma da namu laifin. Mun sayi filaye a hanyar ruwa muna sane, saboda araha. Lokacin zaɓe kuma mukan karɓi atamfa da sabulu, ba wanda ya tambayi ɗan takara inda zai sa bango ko burtali.

Roƙona gare ku, Edita, kada ku jira sai Oktoba ku aiko wakilinku ya ɗauki kukanmu. Ku aiko shi a Yuni. Ku zaunar da magajin gari da jami'in Hukumar Tafkin Chadi da sarkin ruwa da ardo a shiri ɗaya, ku buɗe mana layi mu tambaye su da bakinmu. Inna, tun daga ambaliyar 2022, da zarar Agusta ta kama take kwana da ƙullin kayanta a gefen kai, kuma kullum ita ke fara kunna rediyo a gidanmu.

Naku mai sauraro,
Wani ɗan kasuwar banda,
Kusseri, Kamaru.