A Tambayi Tsofaffinmu Tun Suna Raye

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana cina a rai. Ni malamar firamare ce a Kano, 'ya'yana huɗu, kuma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin cefanen gidana bai ƙara zama daidai ba. An ce an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, to amma a waccan shekarar kuɗin ko buhun shinkafa ɗaya ba ya saye, balle gas, balle kuɗin adaidaita na zuwa makaranta da dawowa.

Wahalar nan ce ta sa na koma wajen kakata, wadda muke kira Iya, kuma wallahi da kunya na koma, domin mu ne dai muke mata dariya muna yara, muna cewa Iya akwai maƙo, Iya ko ledar burodi sai ta wanke ta shanya. A gidanta ba a san wani abu wai shi zubarwa ba. In aka surfa gero dusar ta awaki ce, ƙasarin da aka wanke shi ma su ake ba, tsaki na kaji, tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe, ƙanzon gindin tukunya kuma a kankare a shanya a tara a buhu, ranar da gida ya yi shiru a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan mai da albasa, yara su ci har suna faɗa a kan kwano. Tokar murhu ita ce abin goge tukunya. Ƙwarya in ta tsage ba a yar da ita, a ajiye har gyartai ya biyo ta layi ya ɗinke. Yanzu ka tambayi yaro ɗan shekara 15 waye gyartai ka ji abin da zai ce maka.

Abin da na fara koya shi ne kauɗa. Lokacin sanyi, in tumatirin rani na su Kadawa da Kura ya cika Yankaba har ana roƙon mutum ya saya, na sayi kwando biyu da kuɗin adashina na ɗauka na kai gidan Iya. Ta zauna a kan tabarma tana ba da umarni kamar soja. Ba ta yarda a yanka mai tabo ba, ta ce wannan na miyar yau ne, a raba kowanne gida biyu a kifa bayansa ƙasa, cikin yana kallon rana, kuma ba a ƙasa ba, a kan buhu mai tsafta a saman rufi inda akuya da ƙura ba sa kaiwa, da yamma a kwashe kada raɓa ta taɓa. Na ce Iya yaushe zan san ya bushe? Ta ɗauki ɗaya ta matse a tafin hannu ta ce "in bai yi ƙara ba ki mayar, in kin ɗaure shi da sauran danshi funfuna za ki ci". Da damina ta shigo tumatir ya yi tsadar da ake sayar da ƙwaya uku huɗu a faranti kamar gwal, ni kam jiƙawa kawai nake in kai markaɗe, maƙwabciyata da ta ce min aikin ƙauye nake yi ita ce ta fara aiko yarinya da kofi. Haka na yi da kuɓewa da tattasai da zogale, shi zogale a inuwa ake shanya shi don kada ya yi ja.

Kuma fa masu ganin abin ƙauyanci ne su tuna da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu kyautar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Me ya yi? Tukunyar ƙasa ya saka a cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan yana tsanewa yana janye zafi, kayan miya suna kwanaki ba su ruɓe ba. Dabarar randar Iya ce dai da ke ba mu ruwan sanyi da azumi. Turawa suka ba shi lambar yabo, mu kuma muna zaune da firij ya zama kabad saboda rashin wuta.

Sai dai ba zan yi ƙarya in ce komai na da daɗi ne ba. Na ga hannun Iya, duk kanta ce ta taɓarya, idonta kuma hayaƙin icce ya gama da shi. Ni ba na ce mata su koma daka da asuba ba, injin niƙa rahama ne, kuma maigidan da zai karanta wannan ya je ya ce wa matarsa ga abin da ake faɗa, to ya sani kakansa ma da kansa yake faci a rigarsa, yana da rumbu, yana sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha, ba ya cin bashi don yin anko. Sannan wadda ke ɗaki ɗaya a gidan haya ina za ta shanya kwando biyu? Sai dai mata uku huɗu su haɗa kuɗi su yi a gidan wadda ke da fili su raba, mu haka muka tsara yi bana.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, ku tura wakilanku, musamman mata, su shiga gidaje su zauna da tsofaffin nan su rubuta yadda ake abubuwan dalla-dalla da awo da kwanaki, yadda ake daddawa daga kalwa, yadda ake sabulun salo, yadda ake matse man gyaɗa a fitar da tunkuza, yadda ake ajiye wake ya shekara bai yi ƙwari ba ba tare da an zuba masa maganin feshin da ke kashe mutane ba. Mai yin sabulun salo ta unguwarmu ta rasu bara, 'ya'yanta shida babu wadda ta iya, ni ma da nake wannan surutu ban taɓa tambayarta ba.

Iya ta haura 80 yanzu, wani lokaci sai ta kira ni da sunan mahaifiyata. Na sayi kalwa kwano ɗaya, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan tafi mata da littafi da biro.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar firamare, Kano