Wasiƙa: Abin da na gani a Fas da Marakesh, da roƙona ga jaridun Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake taɓo shi a shafukan jaridunmu na Hausa ba, wato zuwa ƙasar waje domin buɗe ido kawai, da amfanin haɗuwa da waɗanda suke da irin wannan sha'awa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tafiyar kwana 12 da na yi zuwa ƙasar Maroko a watan Oktoba na 2024, da tambayar da nake ta sha tun da na dawo: me na je sarowa, wane malami na je gani, ko kuwa jiki ne ya matsa aka tura ni asibiti? Idan na ce babu ko ɗaya, gani na je yi, sai in ga fuskar mai tambayar ta sauya, wani ma ya fito fili ya ce mini kuɗi ne suka yi mini yawa.

Bahaushe ba baƙon hanya ba ne. Kakanninmu fatake sun kai Gwanja neman goro, alhazan dauri sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa har wasu suka kafa garuruwa a can, almajirai sun yi gabas, 'yan ci-rani sun cika kurmi. Amma duk tafiyar da babu haja a cikinta, babu ibada, babu karatu a gaban malami, mun saba kiranta yawon banza. Ina ganin wannan hukunci ya yi tsauri, kuma ya sa mun yi asarar wani ilimi da ba a samunsa a zaune.

Ba ni kaɗai na yi wannan tafiya ba, ko da yake ni kaɗai na hau jirgi daga Abuja. Mu shida ne muka daɗe muna zumunci ta waya saboda son tarihi da labarin ƙasashe, ba tare da yawancinmu sun taɓa ganin juna ba, sai muka tsayar da rana muka ce kowa ya taso daga inda yake mu haɗu a birnin Fas. Akwai malamin makaranta daga Damagaram, akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa daga zangon Kumasi tare da ɗanta, akwai wani dattijo Bakano wanda gidansu gidan majema ne tun kaka da kakanni, sai wani matashi ɗan Jos da ke karatu a Rabat. Na sauka a Kasablanka, na shiga jirgin ƙasa na kusan awa huɗu zuwa Fas, na iske su a wani tsohon gida irin wanda suke kira riyad, mai tsakar gida da ɗakuna a kewaye, wanda muka kama tare muka raba kuɗin. Ba zan manta da daren farko ba, lokacin da Hausar Kano da ta Damagaram da ta Kumasi suka haɗu a kan tire ɗaya na shayin na'ana'a, kowa yana mamakin kalmar ɗan'uwansa.

Sai da gari ya waye na gane amfanin wannan haɗuwa. Tsohon birnin Fas, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981, mota ba ta shiga cikinsa; lunguna ne ƙanana masu murɗewa, jaki da alfadari ke ɗaukar kaya, kuma baƙo yana iya ɓata cikin minti biyar. Malamin Damagaram ne bakinmu, domin bayan Larabcin gida da suke kira Darija, Faransanci ne ya fi tafiya a kasuwa, kuma Larabcin littafi da nake taƙama da shi bai kai ni ko'ina ba wajen ciniki. Hajiya ce ta hana a cuce mu, don ta fi mu duka sanin yadda ake taya kaya a juya baya a tafi har mai kanti ya kira mutum. Ɗalibin nan kuwa shi ya san lokutan jiragen ƙasa da wuraren cin abinci masu sauƙin kuɗi.

Inda tafiyar ta fi ratsa ni shi ne majemar Shuwara. Ana hawa saman shagunan masu sayar da kayan fata a leƙa ƙasa, inda ake ganin ramuka jere, wasu fari fat da ruwan farar ƙasa da kashin tattabara da ake jiƙa fata a ciki, wasu ja, wasu rawaya, wasu ruwan ƙasa, ga ma'aikata sun shiga har cinya suna tattaka fatu. A bakin ƙofa ana miƙa wa kowane baƙo ganyen na'ana'a ya riƙa shaƙa saboda wari. Dattijon nan Bakano ya karɓi ganyen ya sa a aljihu, ya tsaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara yi mana bayanin kowane mataki tun kafin ɗan jagora ya buɗe baki: nan ake cire gashi, nan ake tausasa fata, nan ake rini, kuma a gida da bagaruwa ake jima. Daga nan ya ce a kawo masa fatar akuya, ya murza ta a tsakanin yatsunsa, ya faɗi darajarta, mai shagon ya kira 'yan'uwansa su zo su ga baƙon da ya san sana'a. A wurin ne muka tuna wa juna abin da masana tarihi suka daɗe da rubutawa, cewa wani kaso na fatar da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, wadda suke yi wa littattafansu bango da ita, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ayarin raƙuma suka ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Na karanta wannan a littafi tun ina saurayi, amma ban ji nauyinsa ba sai da na ga Turawa da Sinawa sun yi layi suna ɗaukar hoton sana'ar da a gida muke barin ta tana mutuwa. Da ni kaɗai na je, da na toshe hanci na ɗauki hoto na wuce.

Daga majemar zuwa masallacin Ƙarawiyyin tafiyar 'yan mintoci ce. Wata mata mai suna Faɗima al-Fihriyya ce ta gina shi a shekarar 859 da dukiyar da ta gada, kuma ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi da har yau ba su daina aiki ba. Hajiya ta daɗe tana maimaita wannan shekara, ta ce idan ta koma Kumasi sai ta faɗa wa matan Islamiyyarsu. A wannan birni ne kuma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya tashi ya yi karatu, shi ne wanda littafinsa da aka buga a Venis a 1550 ya kawo bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Ba nisa da nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1815. A can muka tarar da mutanen Senegal da Mali da 'yan Nijeriya da yawa, muka gaisa da wasu 'yan ziyara daga Arewa. Na yi murnar ganinsu, sai dai na yi baƙin ciki da na ji cewa wasunsu sun yi kwana biyar a Fas ba su san makarantar Aɗɗarin ba, wadda aka gina wajen 1325 daura da Ƙarawiyyin, don masu shirya musu tafiya daga masauki sai zawiya sai kasuwa suke kai su. Wanda ya biya kuɗin jirgi ya ƙetare Sahara ya cancanci a nuna masa fiye da haka, kuma ziyararsa ba za ta ragu da komai ba.

Marakesh ba ta kwanta mini kamar Fas ba, domin hayaniya da masu jan hannun baƙo sun yi yawa, musamman a dandalin Jami'ul Fana. Amma akwai wurare biyu da suka sa ban yi da-na-sanin awa shida da wani abu da muka yi a jirgin ƙasa ba. Na farko kangon fadar Badi ne, wadda Sarki Ahmad al-Mansur ya fara ginawa a 1578. Sojojin wannan sarki ne suka karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, kuma a zamaninsa aka kamo malamin Tambutu, Ahmad Baba, aka kawo shi Marakesh a 1594, bai koma gida ba sai 1608. Wannan malami ne daga baya ya yi fatawa a kan bauta, inda ya lissafa Kano da Katsina da Borno da Gobir cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Fadar da aka ƙawata da zinari da marmara yanzu katangun jar ƙasa ne kawai suka rage, tsuntsaye dangin shamuwa sun yi sheƙa a kansu. Na biyu kuwa makaɗan Gnawa ne, jikokin bayin da aka kawo daga ƙasashenmu, masu kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya uku da ya yi kama da garaya, da ƙarafa irin sambani, waɗanda a cikin waƙoƙinsu ake ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Malamin Damagaram ya zauna da ɗaya daga cikinsu sun fi awa suna hira, ya taso idonsa ya yi ja. Hanyar da ta kai fatarmu Arewacin Afirka ita ce ta kai mutanenmu a ɗaure, kuma ban ga dalilin da zai sa mu riƙa faɗin rabi mu ɓoye rabi ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a gida ya karɓi kuɗina da alkawarin masauki a Kasablanka a daren dawowata, na je na tarar babu sunana, sai da abokan tafiya suka haɗa mini abin da na kwana da shi. A filin jirgi ma an daɗe ana yi mini tambayoyi a kan tikitin komawa da adireshin masauki, kuma na san dalili: Maroko hanya ce ta masu neman tsallakawa Sifen, kuma duk wanda ya shiga da sunan buɗe ido ya ɓace, ya ƙara wa na bayansa wahala. Ina kira ga matasanmu da su ji tsoron Allah a kan wannan.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: a wannan zamani da darajar naira ta faɗi tun tsakiyar 2023, magidanci yana fama da buhun masara, wa ke da kuɗin kallon kango a wata ƙasa? Ban ce kowa ya ci bashi ba, ban kuma ce a fifita wannan a kan haƙƙin iyali ko aikin Hajji ba. Shekara uku na yi ina tarawa. Abin da nake cewa shi ne, a cikinmu akwai masu hali da suke zuwa Dubai da Alƙahira da Istanbul sau da yawa a shekara, su dawo ba su san komai ba sai kantuna, akwai kuma masu matsakaicin ƙarfi da za su iya idan sun haɗa kai, domin masauki da mota da ɗan jagora duk suna sauƙi idan an raba. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Ankabut aya ta 20 da wasu wurare, ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Maroko ta karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a 2024, kuma yawancin abin da suke zuwa gani, wato ganuwa da marina da majema da tsofaffin kasuwanni, muna da irinsa a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram da Agadas. Masu riƙe da waɗannan wurare a wurinmu ya kamata su fara zuwa su ga yadda ake tattalinsu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata domin labaran tafiye-tafiye da masu karatu za su riƙa aikowa, tare da bayanin da matafiyi ke buƙata: yadda ake neman biza, hanyar da ta fi sauƙi, lokacin da zafi ko sanyi ya fi tsanani, da yadda ake gane ɗan jagora mai lasisi. Wannan ba baƙon abu ba ne a aikin jaridar Hausa, domin Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ya je Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta wa Hausawa abin da ya gani. Irin wannan shafi zai sa masu sha'awar tafiya da ke warwatse a Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan su san juna, kamar yadda mu shida muka san juna. Mun riga mun yi shawarar haɗuwa ta gaba, in Allah ya kai mu, a Kumasi, Hajiya za ta sauke mu, daga nan mu nufi Salaga mu ga inda fataken goro suka riƙa yada zango. Idan ka buɗe shafin, zan aiko maka da labarin wannan tafiya da hotunanta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya