Hayar ciki da falo mai kaya a Katsina: a riƙa rubutawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in taɓo batun hayar ciki da falo da ake bayarwa da kaya a ciki, wadda ake samu yanzu a birnin Katsina, musamman wajajen Layout da GRA.

Mu dai mun saba fankon gida ake ba ɗan haya, don gado da kujeru da labule dangin amarya ne ke kawo su ranar jere. To, ma'aikacin da aka turo Asibitin Koyarwa na Tarayya fa, ko malamin da ya zo Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar iyalinsa a Funtuwa, ko mai yi wa ƙasa hidima da zai yi wata 12 ya tafi? Ba dabara ba ce ya sayi katifa da firji, sannan ya karyar da su ranar tafiya. Irin wannan haya tana da rana.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba a rubuta komai. Ni ganau ne. Bara wani dillali ya ce mini, "Komai akwai, jakarka kawai za ka shigo da ita." Na biya kuɗin shekara, na biya la'ada kashi 10 cikin 100, aka ƙara da kuɗin ajiya wai ko zan ɓata wani abu. Ashe firjin ya daɗe da mutuwa. Fanka tana juyi kamar mai gyangyaɗi, a zafin Afrilun Katsina. Famfo kuwa ado ne, 'yan ga-ruwa na yi ta biya. Da na tashi barin gidan, mai gida ya ce ni na kashe firjin, ya riƙe kuɗina. Dillali ya ce shi wallahi bai tuna ba.

Roƙona ga masu gidaje da dillalai: ranar miƙa makulli a kunna kowane abu a gaban shaidu biyu, a lissafa shi a takarda da halin da yake ciki, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto da waya. A fayyace ko mita ta ɗan haya ce shi kaɗai ko raba kuɗin wuta ake yi. Mai zaman wata 3 kuma, don Allah, a daina tilasta masa biyan shekara.

Na gode.

Naka,
Wani ɗan haya,
Ƙofar Kaura, Katsina.